Cokali Mai Naɗin Tsumma

Akwai wani tela da ake yabon hannunsa, ko ido a rufe sai ya zura zare a allura. Sai Allah ya ba shi 'ya wadda hannunta ba ya jin maganarta. Ta ɗauki kofi ya zube. Ta sa maɓalli ya faɗa ramin da ba nasa ba.

Ya laƙaba mata suna Rariya. Rular katakon da yake awo da ita kuwa, ta fi sanin yatsun yarinyar nan a kan yadi.

Uwar ta ce, "Malam, mu kai ta asibiti mana. Ba da gangan take yi ba."

"Asibitin me? Sakarci ne. Maganinsa na rataye a shago."

Bayan shekara ashirin da biyar, hannunsa na dama ya fara rawa. Ran da almakashi ya yanka yadin mutane a karkace, ya rufe shago. Likita ya ce ciwon jijiya ne, sai dai a lallaɓa.

Cin abinci ya zama abin kunya. Miya a gemu, miya a riga. Babban ɗansa ya ce, "Haba Baba, ka riƙe da kyau mana!" Daga ranar uban ya riƙa cewa ya ƙoshi, har wando ya daina zama a ƙugunsa.

Rariya ta zo daga gidan mijinta. Ta jiƙa ƙyalle ta shimfiɗa ƙarƙashin kwano don kada ya zame. Ta naɗe mariƙin cokali da tsumma ya yi kauri.

"Manna gwiwar hannunka a jikinka, Baba. Ɗebo kaɗan. Ba mai korar ka."

Ya cinye tas, da hannunsa.

"Wa ya koya miki wannan?"

"Ni na koya wa kaina, a bayan ɗaki. Don kada ka ji ƙarar kwano."

Ya ɗaga hannu zai dafa kanta ya sa mata albarka. Rariya, uwar 'ya'ya uku, ta yi wuf ta sunkuya, ta cusa yatsunta a hammata.

Hannun ya tsaya a sama yana rawa.

Darasi: Yaron da kome ke suɓuce masa ba sakarai ba ne. Likita yake bukata da haƙuri, ba bulala ba. Zai iya yafe muku, amma jikinsa ba zai manta ba. Ku tura wa iyaye, tun ba su makara ba.