Kurege da Kwamfutar Ɗan-Taɓa

Ga ta nan ga ta nanku, sabuwa fil.

Ta zo mu ji ta, Iya!

To ke Barmani, kife wayar nan tukuna, labarin danginta zan ba ku.

Kurege ne ya shiga birni satar gyaɗa, ya dawo da sana'a. Ya haɗa wata kwamfuta kamar allo, ya zuba mata manhajar da ba ruwanta da maɓalli. Ka taɓa, ta buɗe. Ka shafa, hoto ya wuce. Ka ware yatsu biyu, abu ya ƙara girma.

Matarsa ta duba ta ce, "Maigida, wannan ai kayan birai ne, su ke da yatsu. Kai musu gindin tsamiya ka huta."

Ya ce, "Birai? Allah ya sauwaƙe! Ni manyan dawa nake so."

Ta ce, "To me ka raɗa mata?"

Ya ce, "Ɗan-Taɓa."

Ta ce, "Sunan nan ƙamshin tuwo yake yi."

Ya ce, "Ke dai ba ki san talla ba."

Kwaɗayi dai! Ya shimfiɗa tabarma bakin rafi, yana ta kwarara kira: "Manya, ku zo ku ɗan taɓa! Ku zo ku ɗan taɓa!"

Ɓauna ta zo, ta sa kofato, ƙwas ƙwas, allo shiru. Ta yi tsaki ta wuce. Gwanki ya zo, ya sa kofato, ƙwas ƙwas, allo shiru. Ya yi tsaki ya wuce.

Sai ga Kura. Kun san dai in an ce wa baƙo ya ɗan taɓa, kwano ake tura masa. Ita kuwa kwana biyu ba ta sa komai a ciki ba. Ta iso miyau har ƙirji, ta zauna, ta ɗora ƙafa kan jelar Kurege.

Ta ce, "Bismillahi. Ina kwanon?"

Ya ce, "Ranki ya daɗe, ba ci ake ba, da yatsa ake taɓawa."

Ta ce, "Da kunnena na ji gayyata, ni kuma ba na ƙin gayyata. In allon bai ciyuwa, mai allon yana ciyuwa."

Wayyo! Kurege ya yunƙura zai gudu. Ya ja jela, jela ta ƙi. Sai ya taɓa allo, hoton rago ya fito. Ya ware yatsu, rago ya cika allo, kitse na sheƙi.

Ya ce, "Ai naman yana ciki. Taɓa ki ji."

Kura ta sa farce, ƙwas ƙwas, rago ko motsi.

Ya ce, "Af, na manta! Manya da harshe suke taɓawa."

Ta lasa, rago ya zame, akuya ta fito. Ta lasa, akuya ta zame, sa ya fito.

Ta ce, "Kai, gudu suke!"

Ya ce, "Riƙe allon da kyau, hannu bibbiyu, kada su ƙare!"

Ta ɗage ƙafa ta rungumi allo. Kurege fit, sai rami!

Ya faɗa gida yana haki, ya shafa jela, ya ji tana nan, ya sauke ajiyar zuciya har da ƙwalla. Wallahi ni kaina sai da na ji sanyi.

Matarsa ta ce, "Manyan dawa sun saya?"

Ya ce, "Ba ni ruwa, ki bar tone-tone."

Da ya haɗa kwamfuta ta biyu, gindin tsamiya ya nufa, ya raɗa mata Sai-Mai-Yatsa. Birai suka yi wawaso.

Kura kuwa tana can tana lasa har caji ya ƙare. Allo ya yi baƙi, ta hango fuskarta a ciki, harshe waje. Ta ce, "Af! Ashe wata kurar ta riga ni cinyewa."

Kurunkus kan kura mai lasar gilashi! In za ka raɗa wa hajarka suna, fara faɗa wa mai jin yunwa, amma daga cikin rami. Barmani, ɗauki wayarki, kada dai ki lasa.