Motar da Ta Durƙusa Babu Kaya

Akwai wani bakanike a Illela mai suna Yari, a shekarun da fari ya cinye gonaki aka kuma rufe iyakar Nijar. Mahaifiyarsa na ƙauyen Tozai, inda mutane suka koma dafa ganyen tafasa suna jiran hatsin taimakon da aka tara a masallatai. Wanda aka damƙa wa amanar kai hatsin shi ne Lawwali, mai a-kori-kura mai ja da ƙafa huɗu.

Wata rana da hantsi Lawwali ya shigo gareji da motar, gaba a sama, baya ya kusa taɓa ƙasa.

"Malam Yari, ƙara mata sifirin baya, ta miƙe daidai."

Yari ya ɗaga ta da jak, ya kwance notuna, ya jera sababbin sifirin, ƙarafan da ke tallafe nauyin mota, a kan tsofaffin, ya ɗaure. Da ya sauke ta, sai ta tsaya sak. Abin da ya dame shi ɗaya ne: bodi fayau, amma jak ɗin har ƙara yake don nauyi.

Ya sake shiga ƙarƙashi. Ta tsagar katako gero ya zubo masa a fuska. Ashe bodin hawa biyu ne, an jera buhunan a ɓoye.

"Alhaji, mi ne na wanga?"

Lawwali ya yi murmushi, ko kunya babu. "Ƙonni ta Nijar za ni da shi, can yaf fi daraja. Mutanen Tozai sun saba da yunwa. Kai dai gyara, kwastan su gan ta wayam."

Mutum da carbi a hannu, yana tauna goro, yana maganar yunwar tsofaffi kamar maganar kiwon awaki! Ƙyama ta hana Yari ko kallon fuskarsa.

Bai yi musu ba. Da Lawwali ya tafi cin abinci, Yari ya cire duk sifirin da ya sa. Mota ta koma ta durƙusa. Ya tuƙa ta a hankali zuwa bakin kasuwa, ya kashe, ya zauna a kan bodi.

Nan da nan aka taru. "Yari, mota ba kaya ta zauna haka?"

"Ku ɗaga katakon ku gani."

Aka ɗaga. Sai ga buhunan geron taimako, mutane suka shiga tofar da yawu.

Da aka kamo Lawwali, limamin garin, Liman Mukhtari, bai bari a taɓa shi ba. Cewa ya yi a tafi da shi Tozai. A can, gaban matan da suka fito da ƙorai, Lawwali ya sauke buhunan a kansa ɗaya bayan ɗaya. Mahaifiyar Yari, da ba ta san komai ba, ta riƙe hannun Lawwali tana sa masa albarka. Ya kasa cewa amin.

Darasi: Kada ka sa hannunka da sana'arka wajen rufa wa maci amana asiri, domin wanda za a zalunta yana iya zama naka. Ku tura wa 'yan uwa su ma su karanta.