Ƙasar da Tabawa Ta Gina da Yumɓu

A zamanin da kurmi bai san gatari ba, fari ya koro wasu manoma daga arewa, suka yada zango a gindin wani dutse. Irin da ya rage musu bai wuce damin gero ɗaya ba. In suka shuka shi a mugun wuri, tasu ta ƙare.

Jagoransu maharbi ne, Ranau, namijin gwanki mai kwana inda zaki ya tashi. Matarsa Tabawa maginar tukwane ce, amma doguwar tafiya ta cinye mata ƙafafu, ko bakin zango ba ta iya kaiwa. Kullum in ya dawo da yamma, sai ta jawo yumɓu gabanta ta ce, "Maigida, yau ina ka kai ni?" Yana faɗi tana ginawa: nan tudu, nan kwazazzabo, can wani kwari mai baƙar ƙasa. Kafin bazara ta wuce, dajin nan duka ya kwanta a ƙofar bukkarta.

Dattawa suka zaɓi kwarin, har Ranau ya yarda. Tabawa kuwa ta juya ga gininta. Ta ɗauki gora ta tsiyaya ruwa a kan dutsen yumɓu. Ruwan ya gangaro ta ko'ina, ya taru a kwarin har ya shafe shi.

"Wasan yara," in ji wani dattijo.

Ta dubi mijinta. "Ko dai ka ƙara gishiri a labarinka, ko kwarin nan ya cinye mana iri."

"Ke kuwa, ko tsayin suri ban taɓa ƙara miki ba."

Da maganarsa suka shuka a kafaɗar tudu, inda ruwan gora ya bi a hankali. Damina ta sauka, kwarin ya zama tafki, gero kuwa ya yi zangarniya a tudu.

Garin da suka kafa a wurin ana ce masa Ginin Tabawa. Yumɓun, in ji tsofaffi, ya zama dutse, kuma yakan yi gumi in hadari na tafe. Yanzu taswirar takarda ta shigo, amma har yau ba a saran sabuwar gona a can sai miji ya durƙusa ya bayyana wa matarsa ƙasar ba ƙari, ta gina, ta zuba ruwa.