Ƙwan Fitilar Kifayen Azumi

Akwai wani mai sayar da kayan wuta a kasuwar Sabon Birni, sunansa Kalilu. Mutum ne mai fara'a, amma in ka ɓata masa, to ka shiga uku, ba ya mantuwa.

A shekarar da ruwan sama ya ɗauke, gero ya bushe a tsaye, rijiyoyi suka ƙafe. Maƙwabcinsa Alhaji Almu kaɗai ke da burtsatse a unguwar. Kalilu ya je roƙon jarka ɗaya saboda akuyarsa mai ciki, Alhaji ya ce ruwan ba zai kai ba.

Alhali a gabansa ake cika wani akwatin gilashi mai jajayen kifaye. Na Azumi ne, 'yar Alhaji, wadda ciwon sikila ya hana wasa da yara. Kallon kifayen nan ne kaɗai ke sa ta dariya, kuma Kalilu ya sani.

Akuya ta mutu. Kalilu ya haɗiye, amma wallahi bai yafe ba.

Ana nan, sai ga Alhaji a shagonsa.

"Malam Kalilu, ɗakin yarinyar duhu gare shi, ba ta ganin kifayenta sosai. Wane ƙwan fitila ya dace?"

Ga ƙaramin farin ƙwai marar zafi a gabansa. Kalilu ya tsallake shi, ya ɗauko irin wanda ake ɗumama 'yan tsaki da shi.

"Wanga za ni ba ka, Alhaji. A rataya shi dab da ruwan, kuma kada a kashe."

Cikin wannan azabar zafin fa! Ruwa ya ɗau ɗumi kamar na wanka, kifaye suka taso ciki sama. Da labari ya iso, Kalilu har da ƙarin tuwo ya ci.

Alhaji kuwa ko a jikinsa, ya tafi cinikinsa garin Isa.

Washegari sai ga Azumi ta lallaɓo shagon tana haki, idanu sun kumbura, da kwano a hannu.

"Baba Kalilu, an ce kai ne gwanin gyara. Don Allah ka gyara mini su, ba su motsi."

Kalilu ya leƙa kwanon, sai ga matattun kifayen a ciki. Yarinya ta zauna a ƙofar shago tana jira ya fara.

Darasi: Ramuwa ba ta cika samun wanda ya cuce ka ba, sau da yawa a kan marar laifi take sauka. Ka tura wa wanda ka san yana riƙe da wani a zuciya.