Dalilin da Ya Sa Kunne Ba Shi da Murfi

Dalilin da ya sa ido yake da fatar rufewa, baki yake da leɓɓa, amma kunne yake zaune a buɗe kamar ɗakin da aka cire wa ƙyaure, ba labari ne mai daɗi ba. Ku gyara zama, yara, kuma kada wanda ya yi dariya, don akwai ran mutum a ciki.

A can da, kunne yana da murfi. Wata 'yar fata ce mai laushi a bakin ramin kunne, in mutum ya ga dama ya ɗaga, in ya ga dama ya sauke. In ya sauke, ko aradu ta faɗi a tsakar gidansa ba zai ji ba. Maƙeri yakan sauke nasa kafin ya ɗauki guduma, mata sukan sauke nasu in za su yi daka. In kuwa barci ya zo, murfin da kansa yake sauka, kamar yadda ido yake lumshewa.

A wani ƙauye da ake kira Tsamiyar Bawa akwai wata mata mai suna Tabawa. Mijinta ya rasu ya bar ta da ɗa guda, Arzika, mai haƙar rijiya. Masu wannan sana'a suna da wata ƙa'ida. Muryar wanda yake can ƙasa a raunane take hawowa, don haka kafin mai haƙa ya sauka sai ya feƙe tsinke da hannunsa, ya ba wanda zai riƙe masa igiya. Shi kuma ya tokare murfin kunnensa da shi, don kada gyangyaɗi ya sauke masa. Tsinken amana ake ce masa. Ba a cire shi sai mai haƙa ya fito ya karɓi abinsa.

Shekarar da rijiyar gari ta ƙafe, mai gari Cindo ya sa Arzika ya haƙa sabuwa, shi mai garin kuma ya ba Jatau, ɗan ƙanensa, riƙon igiya.

Ran da abin zai faru, Tabawa ta kai wa ɗanta fura bakin rijiya da hantsi.

Arzika ya ce, “Inna, jiya na taɓa danshi. Yau ko gobe za ki sha ruwan hannuna.”

Ta ce, “Ni dai ka fito mini lafiya. Kai Jatau, ina tsinken?”

Jatau ya juyo mata da kunne. “Ga shi nan, Inna Tabawa. Kullum sai kin tambaya, kamar cinye shi zan yi.”

“Abin da ya zo kusa da bakinka ai bai cika tsira ba.”

Arzika ya yi dariya, ya kama igiya ya sauka. Ita kuma ta koma gida, ta zuba gero a turmi, ta sauke murfin kunnenta kamar kowace mace, ta ɗauki taɓarya.

Rana ta take, tana cikin daka, sai ga makaho Ɗantani ya faɗo gidan babu sanda, gwiwoyinsa duk jini. Shi kaɗai ne a garin ba ya sauke murfinsa, don da kunne yake ganin hanya. Ya laluba ya riƙe taɓaryar. Ta ga bakinsa yana buɗewa yana rufewa, jijiyoyin wuyansa sun tashi. Ta ɗaga murfi.

“Rijiya! Tabawa, rijiya ta rufta!”

Da ta isa, ta tarar da Jatau kwance a inuwa yana barci, ga ganyen da aka ƙunso masa balangu daga gidan mai gari a gefensa. Murfin kunnensa a sauke. Tsinken amana kuwa yana gefen bakinsa. Nama ne ya maƙale masa a haƙori, ya rasa abin sakace, ya zare. Tabawa ta fizge tsinken ta ƙulle a bakin zane. Sai da la'asar aka tono Arzika, ya riga ya cika.

Da aka tashi daga zaman makoki, ta riƙo hannun Ɗantani suka tafi zauren mai gari. Makahon ya ce, “Ranka ya daɗe, na ji shi tun yana kira da ƙarfinsa, har muryar ta koma kamar ta ɗan tsako. Na girgiza Jatau, ya ture ni ya juya. Na bi gida gida ina ihu, ba kunne ɗaya a buɗe.”

Mai gari ya ce, “Tabawa, sai haƙuri. Kwana ne ya ƙare.”

Ta ce, “Ranka ya daɗe, na yarda da ƙarewar kwana, ba ƙararsa na kawo ba. Ƙarar wannan na kawo.” Ta kwance tsinken ta ajiye a kan tabarma. “A kunne aka ce a sa shi, ko a haƙori? Ba jini nake nema ba. Ya tsaya gaban jama'a ya ce shi ya cire, kuma kada a sake ba shi igiyar ɗan kowa.”

Mai gari ya dube ta. Tana kallo, murfin kunnensa ya sauka a hankali. Dattawan da ke zaune suka ga haka, su ma suka sauke nasu. Ta ci gaba da magana, suna gyaɗa mata kai. Ku lura da wannan, gyaɗa kai suke yi.

Ta ɗauki tsinken ta fita. Ta koma, ta sake komawa. Da sun hango ta, sai murafu su sauka tun kafin ta yi sallama. Ana nan sai ta ji an ɗauko wani saurayi daga ƙauyen gaba zai haƙa wata rijiyar, kuma Jatau ne zai riƙe masa igiya.

Ranar ba ta je zaure ba. Ta tafi bakin rijiyar da ta rufta, ta tsaya ta faɗi ƙararta tun daga farko, kamar akwai mai shari'a a gabanta. Sai wata 'yar guguwa ta taso ta tsaya a kan ramin.

“Tabawa, da wa kike magana?”

“Da duk wanda zai ji.”

“To ni na ji. Ni ce Iska. Babu maganar da take fita daga baki ta isa kunne sai a bayana. In an yi magana ni ake girgizawa, in ɗauka in kai, in buga a 'yar fatar da ke can cikin kunne kamar yadda makaɗi yake buga ganga, sannan mutum ya ce ya ji. Ran nan na ɗauko kiran ɗanki daga ƙasan ramin nan. Na kai wa Jatau, a rufe. Na kai zaure, a rufe. Na zo gidanki, a rufe. Har yanzu kayan nan yana kaina, na rasa inda zan sauke.”

Tabawa ta ce, “To ki cire murfin Jatau da na mai gari.”

Iska ta ce, “Ni ban iya zaɓe ba. In na taso, na kowa zan cire, har na jariri, har na maƙerin da bai yi miki komai ba. Kuma naki ne farko. Da ya fita zan sauke miki abin da na ɗauko dominki, ba ki da abin rufewa. Ki sani, ba Jatau kaɗai ya kira ba.”

Tabawa ta zauna a kan ƙasar da aka tono. Tun rasuwar ɗanta, murfin nan ne kaɗai yake ba ta barci. In ta sauke, ba ta jin ƙarar guga, ba ta jin samari tsaransa suna wucewa suna raha. Ta daɗe tana juya tsinken a hannunta.

Ta ce, “Gobe ɗan wata uwar zai sauka rijiya.”

“Zai sauka.”

“Cire.”

Iska ta fizge. Nan take muryar ta shigo, daga nesa, tana amsa kuwwa kamar yadda murya take yi a rijiya. “Jatau, ja! Ja igiya, ƙasa na zubowa!” Sai kuma, “Inna! Inna!” Sannan can ƙasa ƙasa, “Inna, ɗaga kunnenki mana.”

Ta sa hannu biyu ta toshe, amma ta riga ta ji.

Guguwar ta girma ta ratsa gari, murafun kunne suna tashi sama kamar ƙaiƙayi. Daga nan ta bi duniya, ba ta bar wa kowa komai ba sai ɗan guntu a bakin kunne.

Tabawa ta tashi ta shiga zaure babu sallama. Ta faɗi maganar tsinke da ta balangu, ta faɗi abin da Arzika ya ce kalma bayan kalma. Mai gari ya danna guntun da yatsa, maganar ta ci gaba da shiga. Na waje ma suka ji, har da saurayin nan mai haƙa, wanda ya naɗe igiyarsa ya ce ba zai sauka ba sai an sake masa mai riƙo. Ta gama maganarta. Sai mai gari ya juya ga na kusa da shi ya ce, “Wai an yi ruwa a gabas kuwa?”

Ya ji sarai, yara. Kowa ya san ya ji.

Tabawa ta rayu ta tsufa, amma ba ta sake barci mai nauyi ba. Ko guga aka jefa a rijiyar maƙwabta sai ta farka.

Shi ya sa har yau kunne ba shi da murfi. Ku taɓa bakin kunnenku, za ku ji ɗan guntun nan. Ku danna shi, za ku ji maganata ta ragu amma ba ta ɗauke ba. Shi ya sa kukan jariri yake ta da uwa daga barci, shi ya sa kuma maƙeri yake tsufa da kurumta a kan laifin da ba nasa ba. Jatau kuwa har ya mutu bai ce shi ya cire tsinken ba, kuma har yau ba wanda ya tashi ya faɗa a madadinsa.