Tabarma a Bakin Rijiyar Jarmai

Ya kai mai karatu mai daraja, wanda Allah ya hore wa basira da haƙurin sauraron dattawa, ina gaishe ka gaisuwar mutunci. Ni ne na riƙe muƙamin Wakilin Gari a Kwarin Tsamiya tun zamanin da ake tsoma alƙalami a tawada, kuma ban taɓa yanke hukuncin da aka ɗaukaka ƙararsa ba. Amma akwai magana guda da ta gagare ni, ta gagari majalisata, shi ya sa na kawo ta gabanka. Ka gyara zama, ka tara mutanen gidanka, domin ba ta kai ɗaya ba ce.

Ka sani, wani maharbi mai suna Jarmai ne ya kafa garinmu. Shi ya haƙa rijiyar da ke gindin tsamiya a bayan kasuwa, ya kuma bar wasiyya cewa duk tabarmar da aka shimfiɗa a inuwar nan ta kowa ce, mai wucewa ya zauna ba sai ya nemi izini ba. Har yau muna kan wannan al'ada. Da hukuma ta kawo mana famfo aka daina jan ruwa a rijiyar, sai na sa aka rufe bakinta da faffaɗan murfin katako, aka ƙona masa hatimin hukuma.

Wata ranar kasuwa Ɗanliti mai tumatir ya rasa teburin baza kayansa. Ya dubi gabas da yamma, ya ɗauke murfin don ya baza tumatir a kai, ya shimfiɗa tabarmarsa a bakin rijiyar, ya danne gefunanta da duwatsu, wai in an watse zai mayar. Da hantsi sai ga Gwaggo Tabawa, ungozomar gari, wadda rabin mutanen kasuwar a hannunta suka faɗo duniya. Ta gaji, ta ga tabarma a inuwar Jarmai, ta tuɓe takalmanta, ta yi bisimilla ta taka, sai ta rufta cikin rijiyar. Allah ya sa tabarmar ta naɗe ta, laka kuma ta tare ta, ba ta karye ba. Sai dai ruwa ya kai mata wuya, ƙafafunta suna ta nutsewa, hayaniyar kasuwa kuma ta haɗiye kiranta.

Malam Haladu duba-gari yana zagayen duba tsabtar abinci. Ya sunkuya kan tumatirin Ɗanliti, sai ya ga hatimin hukuma yana leƙowa a ƙarƙashin kashi guda. Bai tsaya faɗa ba, ko da yake faɗa ne sana'arsa. Ya tattare riga ya sheƙa gindin tsamiya, ya tarar da takalma, ya leƙa. Daga ƙasa tsohuwar ta ce, "In Haladu ne, daina leƙe, ba tukunyar mai tuwo ba ce. Nemo igiya." Da bai gane murfin ba, da ba wanda ya san inda take.

Igiya kuwa ta gagara, domin tun zuwan famfo gugan kowa ya ruɓe. A nan Barmo sankira, mai shelar gari, ya saɓi gangarsa ya buga kiɗan gobara, wanda ya gada tun kakanni, wanda in ya tashi ko mai cinikin da ya faɗa sai ya yi shiru. Ya ce, "Jama'a, wadda ta yanke muku cibiya tana cikin rijiyar Jarmai. Mai rawani ya kwance, mai akuya ya sake ta ya kawo igiyar." Nan take aka ƙulla rawuna da majanyu da igiyoyin dabbobi. Ni kaina, da ba a taɓa ganin kaina a buɗe a bainar jama'a ba, na miƙa nawa. Awakin da aka saki kuwa suka nufi tumatirin Ɗanliti.

An sami igiya, an rasa mai shiga, saboda bangon rijiyar ya tsufa yana zubowa. Sai Jatau mai gyaran famfo, jikan masu haƙar rijiya, ya ɗaura ta a ƙugu ya sauka, yana laluben tsofaffin matakan da Jarmai ya sassaƙa. Ya zaro tsohuwar daga laka, ya goya ta da majanyi, jama'a suka ja suna salati. Da suka fito ta buga masa kafaɗa ta ce, "Jatau, na goyi ubanka ya jiƙa mini baya. Ni ban jiƙa naka ba, ruwan rijiya ne." Kasuwa ta ɗauki dariya da guɗa, Barmo ya juya kiɗan gobara ya zama na biki, ranar nan ba wanda ya sayi ƙosai da kuɗinsa.

Washegari aka gurfanar da Ɗanliti a zaurena. Ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, aro na yi." Na ce masa abin da yake na kowa ba a aronsa a hannun kowa. Na ci shi tarar sabon murfi na ƙarfe, da farin rago mai ƙaho. Gwaggo Tabawa kuwa ta ce ba za a yanka ragon ba, ba za a raba shi ba, a miƙa shi da ransa ga wanda ya cece ta.

Ga ragon nan ɗaure a ƙofar gidana, yana cin harawata yana ƙiba. To, ya mai karatu, tsakanin wanda ya gano ta, da wanda ya tara mata igiya, da wanda ya goyo ta, a hannun wa zan danƙa shi?