Hoton Gidan da Ruwa Ya Cinye

Akwai wani mai ɗaukar hoto da 'yan layinsu suke kira Gwani, sunan kuwa ya hau masa kai. Tun zamanin da ake ɗaukar hoto a kan fim a wanke shi yake sana'ar. A bayan shagonsa yana da ɗakin wankin hoto, mai jan ƙwan lantarki da warin magani.

Cikin duk abin da ya taɓa ɗauka, fim guda ya fi ji da shi. Hoton kwarin da aka haife shi ne, marar kala. Ya ɗauke shi da sassafe bayan ruwan sama, hazo ya kwanta kan gonaki kamar auduga, gidan mahaifinsu da wata bishiya suna leƙowa daga tsakiya. Daga baya aka gina madatsar ruwa, ruwa ya cinye garin. Wannan fim ne kaɗai ya rage, sai hoto ɗaya da ya wanke daga cikinsa.

Yayarsa da ta raine shi ta tsufa, idonta yana ta raguwa. Likita ya ce sai dai haƙuri.

Wata rana Gwani ya kai mata hoton. Ta kawo shi dab da hancinta, ta daɗe tana dubawa.

"Auta, toka kawai nake gani," in ji ta. "Ba za ka iya sa baƙin ya yi baƙi, farin ya yi fari ba? Ina so in ga ƙofar gidanmu kafin a rufe mini tagar."

"Yaya, wannan ai wasan yara ne a wurina."

Da ya je sayen magani sai ya haɗu da Dogo, abokin sana'arsa na tsallaken titi, wanda suka daɗe suna 'yar tsama kan masu ciniki. Dogo ya san hoton. Da ya ji abin da yake nema, sai ya rage murya.

"Gwani, don Allah kada ka taɓa fim ɗin nan. Hazo ba a yi masa ƙarfi. Nemi takarda mai fito da baƙi. Ka bar hasken injin buga hoto ya daɗe kan bishiya da rufin gida su yi duhu, ka tare hazon da tafin hannunka ya zauna da laushinsa. Ka yi ta gwadawa. In ta ɓaci, takarda ce ta ɓaci."

Gwani ya san gaskiya ce. Amma akwai mutane a wurin, kuma daga bakin Dogo ta fito.

"Yaushe kaza ta fara koya wa shaho tashi?" ya ce, aka kwashe da dariya.

Ya koma shago ya haɗa maganin ƙara wa fim ƙarfi, ya zuba fiye da ƙima, don yana so aikin ya fito a tashi ɗaya Dogo ya ji kunya. Ya tsoma tsohon fim ɗin.

Da farko bishiyar ta fito raɗau, har ya yi murmushi. Maimakon ya cire, sai ya ce bari rufin gidan ma ya ƙara fitowa. Nan fatar fim ɗin ta fara kumbura. Ya sa hannu da sauri, ta saɓule a yatsunsa kamar bawon dafaffen tumatir. Gidan, bishiyar, gonakin, duk suka narke cikin tasar maganin.

Ya juya neman hoton da ya nuna wa Yaya. Yana gefen tasar, maganin da ya fantsama ya riga ya cinye tsakiyarsa.

Gwani ya zauna a ƙasa.

Ya yi ta ɓuya har Yaya ta aiko a kira shi. Ya wanke abin da ya saura a fim ɗin, takarda ta fito fara sol da ɗan dabbare a gefe. Ita ya ɗauka ya tafi, da niyyar faɗa mata gaskiya.

Kafin ya buɗe baki ta karɓe. Ta matsa bakin taga, ta juya ta sama, ta juya ta ƙasa. Can sai ta sauke ta a cinya.

"Shi ke nan, idona ya gama," ta ce a hankali. "Ka sha wahala a banza, Auta. Na san ka yi shi da kyau. Zo ka nuna mini inda ƙofar take."

Ya kama yatsanta ya ɗora a tsakiyar farar takarda. Ta yi ta shafa wurin tana sa masa albarka, shi kuwa hawaye na ɗiga a gemunsa.

Ba ta kai damina ta gaba ba. Gwani bai sake shiga ɗakin wankin hoto ba.

Darasi: Shawarar kirki ba ta lalacewa don ta fito daga bakin wanda ba ka so. Abin da ba shi da na biyu, a bi shi a sannu, domin girman kai yana rushe abin da nadama ba ta iya ginawa. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila wani yana dab da tsoma nasa.